Yadda Za Ka Tsare Babur Daga Ɓarayi, Ka Kuma Hau Shi Bisa Doka

A gidaje da yawa na Arewacin Najeriya babur shi ne kadara mafi tsada bayan gida da gona. Da shi malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi ake kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, da shi kuma ɗan acaba ke ciyar da iyalinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta yi ƙasa, farashin sabon babur ƙirar Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, saboda haka wanda aka sace wa nasa yakan yi shekaru bai mayar da gurbinsa ba. Ɓarayi kuwa kasuwa ta buɗe musu ta fuska uku: akwai masu sayen na hannu da araha ba tare da tambaya ba, akwai masu kwance babur su sayar da kayansa ɗaya-ɗaya, akwai kuma 'yan bindigar daji da ba su da abin hawa sai shi, har sukan sa babura cikin kuɗin fansa.

Ra'ayina shi ne, abin da ke raya wannan sata ya fi ƙarfin raunin makulli. Babur ɗin da ba shi da lamba, ba shi da takarda, mai shi ma bai san lambar injinsa ba, shi ne ɓarawo ya fi so, domin da zarar ya sha kwana da shi ya zama na kowa. Irin wannan babur ne kuma ake yin ganganci da aika-aika a kansa, har hukuma ta hana kowa hawa. Shi ya sa wannan jagora ta fara da takarda kafin ta zo kan sarƙa da kwaɗo.

Matakin farko: ka san babur ɗinka tun ranar da ka saye shi

Kowane babur yana da lambobi biyu da kamfani ya buga a jikin ƙarfensa. Lambar shasi tana a wuyan babur, daidai inda kai yake juyawa, kuma a baburan zamani haruffa ne da alƙaluma guda 17. Lambar inji tana a jikin injin daga ƙasa, galibi ta ɓangaren hagu kusa da giya. Kafin ka miƙa kuɗi, ka durƙusa ka goge wurin da tsumma, ka karanta lambobin da idonka, ka gwada su da abin da aka rubuta a rasit harafi bayan harafi. Kuskuren harafi ɗaya a rasit ya isa ya sa ka kasa tabbatar da cewa babur naka ne ranar da aka gano shi a hannun wani.

Daga nan ka ɗauki hoton lambobin biyu, da hoton babur ta gaba da baya da gefe, da hoton kowace takarda, ka aika wa wani ɗan'uwa da ka amince da shi, domin waya ma ana sace ta. Ainihin takardun su zauna a gida, kwafinsu ne za ka riƙa yawo da shi. Kada ka ajiye takardu a ƙarƙashin kujera ko cikin murfin gefe kamar yadda wasu ke yi, don wanda ya tafi da babur ya tafi da hujjarka ke nan.

Ka ƙara da wata alama ta sirri da kai kaɗai ka sani. Mai walda zai iya ɗiga maka ɗan tabo a wani lungu na ƙarfen, ko ka sa a buga haruffan sunanka a cikin rim ko a ƙasan tanki. Ɓarawo yakan goge lamba ya sake fenti, amma ba ya goge abin da bai san da shi ba.

Mataki na biyu: sayen na hannu

A nan ne mutanen kirki suka fi faɗawa cikin masifa, a nan ne kuma za a iya karya kasuwar ɓarayi idan masu saye suka tsaya tsayin daka. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa tun 1960 ta ware karɓar kayan sata a matsayin laifi mai zaman kansa, kuma ko da kotu ta yarda ba ka sani ba, babur zai koma hannun mai shi, kuɗinka kuwa sai dai ka bi wanda ya sayar maka, in ka same shi.

Ka nemi rasit na asali na dilan da aka fara saye a wurinsa, da takardun rajista idan an yi, da katin shaidar mai sayarwa, ka tabbatar sunan da ke jikin takardun shi ne na mutumin da ke tsaye a gabanka. Idan babur ya ratsa hannu biyu ko uku, to kowane ciniki ya kamata ya bar takardarsa, ta yadda za a iya bin sawu har zuwa mai shi na farko. In aka ce maka takardu sun ɓata, sai a kawo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, kuma ka duba kwanan watan da ke jikinsu. Wadda aka yi jiya saboda cinikin yau abar tuhuma ce.

Sannan ka koma kan ƙarfen. Lambar kamfani tana fitowa a jere, zurfinta ɗaya, tazararta ɗaya. Idan ka shafa wurin ka ji ya lotsa, ko ka ga alamar an goga da dutsen injin, ko sabon fenti a wuya kaɗai alhali sauran jiki ya koɗe, ko wani harafi ya karkace ya fi 'yan'uwansa zurfi, ka mayar da kuɗinka aljihu. Haka nan idan makullin kunnawa sabo ne fil, kuma ba ya buɗe murfin tanki, ka tambayi dalilin sauya shi. Ka tafi da bakaniken da ka sani, ba wanda dillali ya kawo ba.

A yi cinikin da rana, a kasuwar 'yan babura a gaban shugabanninta ko a ƙofar gidan mai sayarwa, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunaye da adireshi da lambobin waya da lambar shasi da ta inji da kuɗin da aka biya, shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu. Biyan kuɗi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa ya fi tsabar kuɗi, saboda yana barin shaida. Wanda ya ce a haɗu a bayan gari da magariba, ko ya ce sauri yake yi zai yi tafiya, ko ya yi maka farashin da kai kanka ka san bai kai ba, ya riga ya gaya maka abin da kake buƙatar sani. Araha ba ta ado, a harkar babur kuwa takan kai mutum caji ofis.

Mataki na uku: rajista, lasisi da inshora

Ana yin rajistar babur a ofishin lasisi na hukumar tara haraji ta jiha, inda za a ba ka lamba da takardar shaidar mallaka da lasisin abin hawa da ake sabuntawa duk shekara. Lambar babur na gida rubutunta shuɗi ne, ta haya kuma ja. Idan na hannu ka saya, ka je a yi canjin suna, kada ka ci gaba da hawa da sunan wani. Amfanin rajista ga mai tsoron sata shi ne lambar shasinka za ta shiga kundin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, da sunanka, 'yan sanda kuma suna da nasu kundin na ababen hawa da ake kira CMR. Ka karɓi lamba daga ofis, ba daga hannun ɗan kamasho a bakin titi ba, domin lambar bogi ba ta cikin kowane kundi.

Lasisin tuƙin babur shi ne rukunin A, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Inshorar da doka ta wajabta ita ce wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna a hanya, kuma a farkon 2023 hukumar inshora ta ƙasa ta sa kuɗinta naira 3,000 a shekara ga babur. Wannan ba ta biyan ka idan an sace babur. Mai son haka sai ya nemi cikakkiyar inshora, ya kuma karanta sharuɗɗanta kafin ya biya.

Mataki na huɗu: kullewa da wurin ajiya

Kullen kai da babur ya zo da shi ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ƙwararren ɓarawo ke karyawa cikin ƙiftawar ido, makullin kunnawa na ƙananan babura kuma ba shi da wuyar sha'ani. Ka riƙa kulle kan duk da haka, amma kada ka dogara da shi kaɗai. Abin da kake nema shi ne ka ɓata wa ɓarawo lokaci, domin aikinsa na daƙiƙoƙi ne, kuma idan ya ga babura goma a jere zai zaɓi wanda ba zai tsayar da shi ba.

Ka sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai nauyi. Ka zura sarƙar ta cikin ƙafar baya ko ta jikin ƙarfen babur, ka ɗaure ta da abin da ba ya motsi, kamar turken ƙarfe ko ginshiƙin rumfa. Ɗaure ƙafar gaba kaɗai ba shi da amfani sosai, tunda kwance ta ba wuya, kuma babur ɗin da aka kulle amma ba a ɗaure shi da komai ba, mutum biyu ko uku za su ɗaga shi su jefa a mota. Ka ja sarƙar ta yi tsauri yadda kwaɗon zai kasance a rataye, domin wanda ke kwance a ƙasa ana samun wurin dukansa da guduma.

Bayan wannan, ka sa mai wayarin da ka yarda da shi ya yi maka ɓoyayyen makunni da ke yanke wutar filogi, a wurin da hannunka zai kai ba tare da ka sunkuya ba, don kada mai kallonka ya gane. Rufe makunnin mai da zare kan filogi a sa a aljihu su ma dabaru ne da ba sa cin ko kwabo. Babur ɗin da ya ƙi tashi sai an tura shi, mai tura babur cikin gaggawa kuwa yana jan idon jama'a.

Wuraren da aka fi yin sata sanannu ne: ƙofar masallaci, musamman sallar Juma'a da asuba da tarawihi, lokacin da kowa ya ba da baya; harabar asibiti, inda hankalin mutum ke kan marar lafiya; bakin banki da kasuwa da gidan kallon ƙwallo da wurin ɗaurin aure. A irin waɗannan wurare ka biya 'yan kuɗin masu gadin babura, ka karɓi kati, ka tabbatar suna rubuta lambar babur a jikinsa kuma ba sa sakin babur sai da shi. Kwamitin masallaci zai yi babban alheri idan ya kafa dogon bututun ƙarfe da siminti inda masallata za su ɗaure sarƙoƙinsu, ya kuma sa wanda zai tsaya a kai a manyan taruka. Haɗarin da ya fi kowanne shi ne tsayawar da mutum ke cewa yanzu zan fito, ya bar makulli a jiki ya shiga shago sayen kati.

A gida, zaure da soro ba ma'ajiya ba ne idan ƙofar waje ta langa-langa ce. Ka shigar da babur tsakar gida ko ɗaki, ka sa magini ya binne zoben ƙarfe a daɓe, ka riƙa ɗaurewa a nan duk dare ko da ka dawo a gajiye. Makullin babur na biyu kuma kada ya zauna a ƙusa a bakin ƙofa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma satar cikin gida sau da yawa da hannun wanda ya san inda ake ajiye abubuwa. Aron babur ma sai a yi hattara, don yanka makulli ba ya ɗaukar lokaci.

Mataki na biyar: na'urar bin sawu

Tiraka ƙaramar na'ura ce mai layin waya a ciki, wadda ke nuna maka inda babur yake a wayarka, wasu kuma ana iya kashe injin da su daga nesa. Tana da amfani ƙwarai, musamman ga mai ba da babura haya, amma da sharuɗɗa. Layin ya kasance da rajista da sunanka, ka riƙa sa masa kuɗi don kada a rufe shi, ka gwada na'urar lokaci-lokaci. A ɓoye ta a wurin da ba a saba ba, domin ɓarayi sun san su fara duba ƙarƙashin kujera da gefen batir, a kuma zaɓi mai ɗan batirinta na ciki da za ta ci gaba da aiki ko an cire na babur. Inda babu sabis ba ta aika komai, saboda haka saƙonta na farko-farko shi ne mafi daraja. Kada a kashe inji daga nesa sai an ga babur a tsaye ko yana tafiya a hankali, don kada a jawo haɗarin da zai rutsa da wanda bai ji ba bai gani ba.

Mataki na shida: ga ɗan acaba

Kai ba sata kaɗai ke gabanka ba, har da ƙwace, wanda kan zo da rauni ko asarar rai. Ka yi hattara da fasinjan da ya yi maka tayin kuɗi fiye da kima zuwa bayan gari da dare, da mutum biyu da suka nace sai ka goya su tare, da wanda ke ta sauya inda za shi yana waya yana faɗin inda kuka kawo. Kada ka ci ko ka sha abin da baƙon fasinja ya miƙo maka. Idan tafiya mai nisa ce, ka sa abokan tasharku su ga fuskarsa, ka faɗa musu inda za ku a gabansa. Mai gaskiya ba zai damu ba. Ka yi rajista da ƙungiyarku ka sa rigarta mai lamba. In kuwa an riga an tare ka da makami, ka sauka ka bar musu, ka riƙe kamanninsu da inda suka nufa.

Mataki na bakwai: idan an riga an sace

Awannin farko su ne komai, domin kafin gari ya waye ana iya kwance babur, ko a tsallaka da shi wata jiha, ko a bi hanyoyin daji a ƙetara iyaka a wurare irin su Jibiya da Illela da Maigatari. Ka tambayi masu shago da masu gadi na kusa nan take, ka duba ko akwai kyamara. Ka wuce ofishin 'yan sanda na yankin da abin ya faru da kwafin takardunka, ka ba da bayani a rubuce da lambobin shasi da inji, ka karɓi takardar shaidar rahoton da lambar wayar jami'in da aka ba binciken. Wannan takarda ita ce kariyarka idan aka aikata laifi da babur ɗinka daga baya. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Daga nan ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri da shugabannin 'yan acaba da na kanikawa da na kasuwannin babura na garinku da na maƙwabta, ka ba su hoto da lambobi. Ka yaɗa a WhatsApp da Facebook, amma ka ɓoye alamarka ta sirri, ita ce za ta raba gardama. Za ka iya samun kira daga wanda zai ce ya ga babur, ka turo kuɗin mai ko na jami'ai. Kada ka tura wa kowa komai sai ka gani da idonka. Idan tiraka ta nuna wuri, ko ka hango babur ɗinka a hannun wani, ka tafi da 'yan sanda, kada ka je kai kaɗai ko da gayyar abokai.

Idan kuma jama'a suka kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Ihun ɓarawo ya sha hallaka wanda ya ari babur ko ya saya bai sani ba, kuma kashe wanda ake zargi laifin kisa ne a doka da shari'a. Ko ta fuskar amfani ma asara ce, domin shi ne kaɗai zai iya nuna mai karɓar kayan.

Mataki na takwas: tuƙin ganganci da aikin unguwa

Mun ga abin da ke biyo baya idan babura suka zama ba a san na wane ne ba. An hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006. An hana hawa babur a Maiduguri a Yulin 2011. A Kano an hana acaba a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. A Nijar an hana babura a jihar Diffa a 2015, aka kuma yi haka a sassan Tillaberi a 2020, sannan a 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna suka ƙuntata zirga-zirgarsu saboda 'yan bindiga. A kowane karo dubban masu neman halal ne suka rasa abin yi. Tunda dokokin sukan sauya, kafin ka shiga wata jiha da babur ka tambayi ƙa'idarta game da goyo da lokacin dare da titunan da aka hana, daga hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, kamar KAROTA a Kano ko KASTLEA a Kaduna ko takwarorinsu.

A cikin unguwa kuwa, abin da ya fi damun mutane shi ne yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba yana gudu a lungun da yara ke wasa, da samarin da ke cire salansa suna ɗaga ƙafar gaba a wajen kai amarya, da bin hannun da ba naka ba, da goyon mutum uku ko huɗu, da tafiyar dare ba fitila. Uban da ya miƙa wa ɗan shekara 13 makulli don ya sayo cefane shi ne zai tsaya gaban iyayen yaron da aka buge. Hular kwano, wadda FRSC ta fara tilasta sawa a ranar 1 ga Janairu, 2009, tana rage haɗarin mummunan rauni a kai da kusan kashi 70 cikin 100 a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, matuƙar an ɗaure igiyarta a haɓa.

Gyaran wannan yana farawa ne da zama a ƙofar gidan mai unguwa, da limami da shugaban 'yan sintiri da wakilin kanikawa da na matasa. A buɗe littafi a rubuta kowane babur na unguwa da sunan mai shi da lambobinsa. Kanikawa da masu walda da masu fenti su yi alkawarin ba za su sauya makulli ko su taɓa lamba ko su sake launin babur ba sai sun ga takarda, masu sayen kayan gwangwan su ma su daina karɓar inji ko tanki daga hannun wanda ba su sani ba. Duk mai biki a sanar da shi tun kafin ranar cewa ba a wasan babur a rakiyar amarya. Yaron da aka gani yana ganganci a fara da mahaifinsa cikin mutunci, dattijo ya je har gida ya ce, Alhaji, mun ga yaron nan a kan babur, muna jin tsoron abin da zai biyo baya. Idan an yi haka sau biyu ba a ga canji ba, mai unguwa ya rubuta wa DPO takarda da ranaku da wuraren da abin ya faru. Inda ake buƙatar tudun rage gudu kusa da makaranta ko Islamiyya, a nemi izinin ƙaramar hukuma a yi shi da siminti a shafa masa farin fenti, maimakon jera duwatsu da kututture da za su kayar da mai babur cikin duhu.